Lauyar da ta fito da kujera waje

Ku lauyoyin Jalingo, wa ya ce muku sai an rufe ƙofa gaskiya take fitowa?

Jiya na raka Goggo Hajara, ƙanwar babana, ofishin lauyoyin da ke taimakon talaka kyauta. Dangin mijinta marigayi ne suka ƙwace mata gona a Sunkani, suka kulle ta a ɗaki wai sai ta haƙura. Tun ranar, da an rufe ƙofa bakinta ke mutuwa. Duk inda muka kai ƙara, sai a ce ba ta da bayani.

Na shiga da shirin faɗa, don ni ma ina karanta doka a waya. Lauyar da ta karɓe mu ta lura Goggo ƙofa kawai take kallo, sai ta ce, "Mama, a ina kike so mu zauna?"

"Waje," in ji Goggo.

Wallahi lauyar da kanta ta ɗauko kujeru zuwa gindin mangwaro. Goggo ta kwance gyaɗa daga bakin zane, suka hau ɓara tare.

"Barista, wannan hannu naki bai san aiki ba," in ji Goggo.

"Shi ya sa na gudu na shiga makaranta, Mama!"

Goggo ta yi dariya, daga nan labari ya ɓalle, har sunayen shaidu da iyakar gona. Lauyar ta ce yanzu akwai abin kaiwa kotu.

Sauranku fa, kujerunku a ƙasa aka kafe su? Ku amsa min nan a fili, ban da saƙon sirri.