Gidan Azumi Mai Waina Ya Fito a Fim

Azumi 'yar Tamawa ce, a can aka yanke mata cibiya. Aure ne ya kawo ta Kurfi, gidan Malam Rabe kafinta, kuma shekara talatin da 'yan kai ta yi tana tuyar waina a zauren gidan. Duk mai wucewa kasuwa ya san miyar taushenta. Da malam ya rasu, ɗiyansu biyu kuma kowace tana ɗakin mijinta, sai ya rage ita kaɗai da ɗakuna huɗu, da rijiya, da tsohuwar tsamiya a tsakar gida.

Wata damina, ɗan ƙanenta Mas'ud da ke karatu a Dutsin-Ma ya zo mata da abokansa.

"Gwaggo, aron gida muka zo. Fim za mu yi, kwana biyar kacal."

"Fim ɗin me?"

"Na wani magidanci ne da ya tare da iyalinsa a gida, ashe aljanu sun riga shi."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce bismillah.

Komai a gabanta aka yi. Ta ga zaren da suke jan ƙyaure da shi, ta ga yarinyar da aka shafe da farar ƙasa, zoɓon da ya zama jini ma ita ta dafa musu.

Bayan wata biyu fim ya bi wayoyin mutane kamar wutar daji, kuma ba wanda bai gane gidan ba. Matan unguwa ne suka fara janye jiki. A fim ɗin an nuna hannu yana fitowa daga rijiya, sai ɗibar ruwa ta tsaya cak. Ciniki ya biyo baya. Ƙullun da kan ƙare kafin hantsi ya koma yana kaiwa azahar, har ya yi tsami.

Wanda ya fi ci mata rai shi ne zancen maƙwabciyarta Ikilima, da ta jiyo ta bayan katanga.

"Dama ni na faɗa, ciwon Malam Rabe ba na asibiti ba ne. Gida da tsamiya irin wannan?"

Azumi ta zauna a bakin murhu. Shekara biyu ta yi tana jinyar mutumin nan da shanyewar ɓarin jiki, tana juya shi, tana ba shi kunu a baki.

Ranar nan ta haura gidan Lai'atu, matar wani malamin makaranta da ke haya a layin, ta ce a nuna mata abin da ya kore mata mutane. Suka zauna a tabarma suna kallo. Sai ga kujerar da malam ya ƙera da hannunsa tana ja da baya ita kaɗai, ana wani irin nishi. Ta san zare ne. Amma gabanta ya faɗi.

"Mama, in kashe?" in ji Lai'atu.

"Kashe, ɗiyata."

Tun daga ranar ba ta ƙara shiga ɗakin malam ba, ko shara.

Mas'ud ya zo ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Ya ɗauki wani bidiyo yana bayyana yadda suka haɗa komai, amma masu kallonsa ba su taka kara sun karya ba. Limamin unguwa ya zo da kansa ya zauna a zaure ya ci waina a idon jama'a, wasu maza suka dawo. Mata dai shiru.

Yanzu a tasha take tuya, mai kura ke kai mata tanda da itace kowace safiya. Ta rame, fara'arta ta ragu. Babbar ɗiyarta Hafiza ta yi ta aiko mata daga Dabawa cewa ta rufe gidan ta koma wurinsu, an ma share mata ɗaki. Azumi ta ce a bari a gama girbi tukuna. An gama, har an kai gero rumbu, ba ta ba su amsa ba.