Mushen Jakina a Bayan Gari

A Gazara, tun muna yara, ba a binne mushe. Janye shi ake yi zuwa bayan gari, kafin la'asar ungulaye sun cinye, sai ƙashi fari. Shi ya sa da jakina ya mutu bara, na ɗaura masa igiya na kai shi gindin wata tsamiya, na dawo gida hankalina kwance.

Kwana huɗu ko ungulu ɗaya ba ta sauka ba. Cikinsa ya kumbura ya fashe, tsutsa ta yi ta ɓulɓulowa. Ƙudaje suna tashi daga kansa su sauka a tuwon 'ya'yana. Karnuka kuma suka jawo hanjin har bakin rijiyar da muke sha.

Maƙwabcina, wani dattijo, ya toshe hanci da rawani ya ce, "Malam, wa kake jira? Ungulayen da aka karkashe aka sayar wa bokaye kawunansu?"

Na ce, "Wallahi Baba, na ɗauka suna nan."

Ya ce, "To, yau kai ne ungulu."

Don kada rijiyar ta ɓaci, na ɗauko diga da shebur. Sau uku na yi amai kafin na gama binne shi.