Jar Buta a Hanyar Kaduna

Birnin Gwari, asubar Talata

Da sunan Allah, Mai fitar da matafiyi Ya kuma mayar da shi gida. Ƙarfe biyar da kwata, muna idar da sallar asuba, na tayar da mota a ƙofar gida. Fasinjata ɗaya ce, Yaya Hajara, wadda nake bi wa. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai ba ta bambance ni da ginshiƙin rumfa sai na yi tari. Likitan ido a Kaduna ya ce ta iso kafin sha biyun ranar nan. An taɓa ba ta rana, hanya ta rufe ba mu je ba. Ya ce in ta sake saɓawa, sai bayan damina.

Motar tawa ce, wata takwas da saye, daga hannun wani dillalin hatsi. Tuƙin ma da furfurata na koya. Duk garin nan Malam ake ce mini, in ban da Yaya. Tana zama ta lalubo ƙofa ta rufe ta ce, "Sule, ka tuƙa ni kamar ƙwai."

Muka isa bakin gari inda motoci ke taruwa su shiga daji a ayari, don ba wanda ke son bin hanyar nan shi kaɗai. Mu ne na shida a layi. Na sayo mana kunu da ƙosai na ɗari biyar muka karya, muna jiran bakwai ta yi.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da motar. Bayan sitiyari, inda allurai suke, akwai wata 'yar fitila ja mai siffar buta, da hannunta da bakinta, har da ɗigon ruwa yana faɗowa. Wajen wata biyu kafin tafiyar nan ta fara kamawa. Na lura ba ta kamawa sai da azahar ko la'asar, daidai lokacin da na rage gudu zan tsaya a masallaci. In na yi alwala na yi salla na fito na tayar, sai in tarar ta mutu. Na riƙa rubuta lokutan da ajami a ɗan littafin aljihuna, sau goma sha tara ba ta saɓa ba. Na ce lallai wanda ya ƙera motar nan yana da tsoron Allah. Ban gaya wa kowa ba, saboda gudun riya.

Cikin daji

Bakwai da minti biyar aka sake mu. Kwalta ce a suna, amma ramuka sun fi ta yawa, kana fita daga wannan kana gaisawa da wancan. Itatuwa dama da hagu, ba gida ba gona. Duk surutun Yaya sai ta koma jan carbi.

Bakwai da arba'in, na taka birki a bakin wani rami, buta ta kama.

Na duba agogo. Asuba ta wuce, azahar da saura. Na yi ta lissafi har na gano: walaha. Kwana biyu na yi sakaci da nafilar hantsi, ga shi an tuna mini. Na ce a hankali, "Na ji, ki bari mu fita daji."

"Da wa kake magana?" in ji Yaya.

"Da mota."

"To ka tambaye ta me take taunawa. Tun jiya nake jin wani ƙaf-ƙaf a cikinta."

Ni ma ina jin ƙarar, amma na ɗauka tasbihinta ne, tunda kowace halitta da irin nata. Yaya ta ce ita dai tasbihin da ke ƙauri ba ta taɓa jin sa ba.

Takwas da kwata muka iso shingen sojoji. Na ga wuri ne mai aminci, na sauka gefe na kashe mota, na ɗauko butata ta gaske. Direban wata motar haya da ke bayana ya leƙo ta taga.

"Malam, lafiya? Ta lalace ne?"

"Lafiya lau, raka'a biyu zan yi."

"A nan? Allah Ya karɓa, mu dai mun yi gaba."

Wani soja dogo, wanda Hausa ba ta gama zama a bakinsa ba, ya tsaya yana kallona har na sallame. Ya ce, "Baba, wannan salla na wane lokaci ne?" Na yi masa bayanin walaha da falalarta. Ya saurara da ladabi, sannan ya nuna hanya da baki. Ayari ya tafi, ko ƙurarsa babu.

Na tayar, buta ta mutu, na ce alhamdulillahi. Ba mu yi tafiyar minti biyar ba ta dawo, wannan karon ba ƙiftawa, ta zauna daram. Ƙarar kuma ta koma kamar ana sakwara a ƙarƙashin ƙafata. Mu kaɗai a hanya, daji ta ko'ina. Na laluba duk nafilolin da na sani ban samu wadda ta dace da takwas da rabi ba. Nan ne na fara zargin ko ba salla take nema ba.

"Sule," Yaya ta ce, "in ka tsaya da ni a dajin nan, ko ba na ganinka, sai na kama ka."

Ban tsaya ba.

Udawa

Tara da minti goma muka shigo Udawa, kusan rabin hanya, mota na tafiya kamar mai ciwon ƙugu. A bakin titi na hango rumfar bakanike, na gangara. Mai rumfar wani Bagwari ne mai suna Luka, zai yi shekara arba'in. Tun kafin in tsaya yake ɗaga hannu yana cewa in kashe.

Ya buɗe bonet, ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikin inji, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya kai shi saitin rana ya duba. A bushe yake, sai ɗan baƙi a can tsini.

"Baba, yaushe rabon da a yi mata sabis?"

"Juma'ar nan da ta wuce."

"A wane gareji?"

"A ƙofar gidana. Duk Juma'a nake yi da kaina, da soso da sabulu, har tayoyi."

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen. "Juye fa?"

"Allah Ya kiyaye. Ba ta taɓa juyewa da ni ba."

"Baƙin mai nake nufi, Baba."

"A'a, ni ba na harka da 'yan bumburutu. A gidan mai nake sha, fari tas."

Luka ya ajiye ƙarfen a hankali. Ya ce wata fitila ba ta kama mini ba? Na ce ta kama, na nuna masa wurin, na kuma ga tunda abin ya zo ga haka gara in faɗi gaskiya. Na ciro littafina na karanta masa lokutan, da yadda take mutuwa bayan salla. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Cewa ya yi yana zuwa, ya zaga bayan rumfa. Ya ɗan jima. Da ya dawo idanunsa sun yi ja yana share su da gefen riga.

"Baba Malam," ya ce, "ni Kirista ne, kuma tawa motar ma tana da butar nan."

Na rufe littafina. Yaya kuwa tana jin mu. Daga cikin mota ta ce, "Ɗana, ƙara faɗa masa, kunnensa na dama ne mai kyau."

Ya yi mini bayani, ni kuma ga shi na kawo muku yadda na ji. Fetur abincin mota ne. Baƙin mai kuwa daban yake, shi ke zagaya cikin inji yana hana ƙarfe cin ƙarfe. Yana ƙonewa, yana raguwa, yana tsufa, don haka ake zubar da tsohon a sa sabo, shi ne juye. Butar ba ta alwala ba ce, gwangwanin mai ne aka zana. In mai ya yi ƙasa, da rana ta yi zafi ya tsinke, sai fitilar ta kama lokacin da aka rage gudu. Ni kuma ba inda nake rage gudu da rana sai ƙofar masallaci. Kafin in idar inji ya huce, ɗan man da ya rage ya taru, sai ta mutu.

"Ka ga ke nan sallar tana da amfani," na ce.

"Sosai ma. Ba don ita ba da tuni injin ya buga."

Na tambaye shi in ya buga sai yaya. Ya ce sai dai a sauke shi, kwana uku in an samu kaya. Na duba agogo, tara da ashirin da biyar. Yaya ta daina tsokana. Na ji ta tana tambayar mai shayin da ke gefe ko ana samun motar Kaduna a nan, ya ce duk a cike suke wucewa.

Luka ya ce juye na gaske ba lokaci, inji ya yi zafi da yawa. Zai cika mata mai mu saurara, in ƙarar ta kwanta mun tsira, in ba ta kwanta ba kada in motsa ko taku ɗaya. Yaya ta ce akwai man shanu kwalba guda a jakarta, na likita ne, amma in zai yi a zuba. Ya ce, "Mama, ki bar wa likita abinsa." Na ce man injin niƙa fa, ko na janareto, in mutum ya rasa? Ya ce kowane inji da kaurin man da yake so, akwai lamba a jikin galan, in riƙe tawa. Ya faɗa, na rubuta da ajami. Ya leƙa littafin ya ce shi dai yana fatan wannan rubutun ya fi na farkon amfani.

Lita uku da rabi ta shanye. Ya ce in tayar. Ƙaf-ƙaf, ƙaf-ƙaf. Muka yi cirko-cirko mu uku, mai shayi ma ya bar tukunyarsa ya zo. Yaya ce ta fara cewa, "Tana raguwa." Mu ba mu ji ba sai bayan kusan minti guda. Ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta koma 'yar ƙyas-ƙyas. Luka ya rufe bonet ya ce kada in wuce sittin, kuma in buta ta sake kamawa in kashe mota nan take, salla kuma in yi ta a kan lokacinta. Na biya shi kuɗin mai, na aiki ya ƙi karɓa. Ya ce labarin da ya samu ya ishe shi har Kirsimeti.

Buruku zuwa Kaduna

Goma saura kwata muka tashi. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan fitila. A Buruku aka tsayar da mu a shinge, aka buɗe but aka ga buhun masara da kaji biyu na tsaraba, aka ce mu wuce. Sha ɗaya da minti biyar muna Mando. Cunkoson cikin gari ya ci mana rabin awa, Yaya na tambayar ƙarfe nawa duk bayan numfashi uku. Sha biyu saura ashirin na riƙe hannunta muka shiga asibiti. Mai rubuta suna ta ce saura mutum biyu a rufe.

A Kawo muka sauka, gidan Ladidi, 'yar Yaya ta fari. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Laraba da safe aka yi aikin ido ɗaya, na dama, aka rufe shi da auduga. Ni kuma na kai mota gareji aka yi mata juye, aka canza abin tace mai da suke kira filta. Abin da ya fito daga cikinta ya fi tawadar da ta shekara a kurtu kauri. Bakaniken ya ce duk wata uku in dawo, ko in na yi tafiya mai yawa kafin nan, kuma duk safiya in zaro ƙarfen nan in duba kafin in tayar. Ya tambaye ni yadda aka yi mai ya ƙare haka. Na ce doguwar magana ce.

Alhamis, komowa

Da hantsi aka cire audugar. Yaya ta ƙifta, ta ƙifta, ta kama fuskar Ladidi da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo kaina.

"Sule, haka ka tsufa ba wanda ya gaya mini?"

Muka fito wajen ajiye motoci, na buɗe mata ƙofa. Ta tsaya. Ta zagaya motar sau ɗaya a hankali. Ta ga ƙofar baya da ba launinsu ɗaya da sauran ba, ta ga igiyar da ta riƙe bamba, ta ga gilashin da na lallaɓa da salatif.

"A cikin wannan ka ratso daji da ni?"

Na ce ai yanzu lafiyarta ƙalau, sabon mai ne a cikinta.

"Da ba na gani na shiga. Yanzu ina gani."

Ba yadda ban yi ba. Ladidi ta sa ta a Keke zuwa tashar Mando, ta shiga motar haya, kujerar gaba. Ni na biyo su a baya da jakarta da maganin ɗigawa, ban wuce sittin ba. A Udawa na yi wa Luka hon, ya ɗaga mini sifana. Kafin mu shiga daji motar hayar ta ɓace mini, na bi wasu manyan motoci biyu har gida.

Uku saura kwata na shigo unguwa. Yaya ta riga ni da kusan awa guda. Na same ta tsaye a ƙofar gida cikin baƙin tabarau, mata sun kewaye ta, tana faɗa wa kowace launin zanenta. Da ta hango ni sai ta fito tsakiyar hanya tana ba ni hannu: "Dama, dama, akwai rami. Kai Sule, ba ka gani ne?"

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Ya mayar wa Yaya ganinta. Ina gode wa likita da ma'aikatansa, da Ladidi da maigidanta, da Luka na Udawa, Allah Ya yi wa sana'arsa albarka. Ɗaya idon an ce bayan wata biyu. Na ce da Yaya zan kai ta. Ta ce in kai mata jaka.