Bulala Biyar a Kan Waƙar Soyayya

Ranar wata Talata, shekarar da nake aji bakwai a makarantar 'yan mata ta Umbadda, Ustaza Nafisa mai koya mana Larabci ta cika allo da waƙar soyayya. Mawaƙin yana cewa masoyiyarsa ta tafi ba sallama, kullum yana share ƙofar gida yana jiranta, har da yi mata addu'ar alheri. Ustaza ta tambayi wane yanayi ne a cikin waƙar. Na ɗaga hannu na ce fushi ne.

Aji ya kwashe da dariya, don littafi ya ce bege ne. Ni kuwa na san abin da na ji. Kowace safiya Inna tana gaban murhu tana toya kisra, wainar dawa mai faɗi da za ta kai Kasuwar Libiya ta nan garinmu, ina tura mata itace, tana rera waƙar da ta ƙaga wa Baba, wanda ya tafi tsinkar auduga gonakin Jazira shekara huɗu ko saƙo babu. Kalmomin duk zuma ne, "mai farin haƙori", "Allah ya kiyaye hanya", amma yadda take maka ƙullu a kan ƙarfe, ko kaji ba sa matsowa.

"Ya bit, ke yarinya, ku da kuke Hausa a gida, yaushe kuka fara gane waƙa?" in ji Ustaza. Ta ɗauko bulala ta ce in miƙo tafi, ba za ta daina ba sai na gyara amsata. Na cije har huɗu. A ta biyar na ce, "Bege ne, Ustaza." Shatin bulala ya baje kafin Juma'a, amma wannan amsa har yau tana ci mini rai. Na ƙaryata uwata a gaban matar da ba ta taɓa jiran kowa ba.

Yanzu Inna ta rasu, Baba bai dawo ba, yaƙi ya raba mu da gidan da murhun. Kwanan baya 'yata ta kawo mini irin tambayar nan, amsoshi huɗu, babu fushi a ciki. Na ce ta zaɓi bege ta ci jarrabawarta. Sannan na zaunar da ita na rera mata waƙar Inna yadda Inna take rera ta. Ban kai rabi ba ta ce, "Mama, da wa take faɗa?"

Da ma na jure ta biyar ɗin.