Filibus da Mijin Mata Ɗari Huɗu

Filibus Yohanna mutumin Zuru ne, mazaunin Sabon Gari, kuma shekara goma sha tara ya yi yana rubuta katin mata a wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Dundaye a Sakkwato. Tebur ɗaya muka zauna, don haka na san halinsa. Mutum ne mai taurin kai, ko a bakin bindiga ba zai rubuta abin da ba a gaya masa ba.

To, matan garin nan ba sa faɗin sunan miji, alkunya ta hana. In ya tambaya, sai mace ta ja mayafi ta ce, "Malam." Shi kuwa ya rubuta Malam. Bai taɓa rikicewa ba, don ya san kowacce da fuskarta da unguwarsu, har da irin tarinta.

Lokacin da kuɗin mai ya yi yawa har gwamnati ta rasa inda za ta zuba shi, aka sayo mana kwamfuta. Shekara uku tana cikin kwali muna ɗora tulun ruwa a kanta. Da soja suka dawo a 1984 aka buɗe ta, aka turo wani injiniya ya koya mana. Ya ce na'urar tana da jeri biyu, na mata da na maza. Kowane mutum layi guda, kowane layi da gurbin suna da na unguwa, layin mace kuma har da gurbin sunan miji. Sunan mijin da ke layin mace shi ne igiyar da za ta ɗaure ta da layin mijinta. Muka gyaɗa kai kamar mun gane.

Wata biyu ana ɗura mata katunan Filibus. Ranar da wani Manjo ya zo duba aiki, na'urar ta tofo takarda mai tsawon rawani. A ciki ta ce akwai mutum ɗaya a Sakkwato, sunansa Malam, yana da mata ɗari huɗu da goma sha biyu, 'ya'ya dubu da ɗari tara, gidaje a kowace ƙofa.

Manjo ya karanta, ya cire hula ya mayar, ya dubi Filibus. "Ko ka kawo mini mutumin nan," in ji shi, "ko ka kawo sunan kowane miji cikin kwana bakwai. In gurbi ɗaya ya rage, ka bar aiki nan take."

Ni na ce wa Filibus ya zauna ya ƙirƙiro sunaye, wa zai bincika? Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya hau kekensa ya shiga gari, zaure zaure. Wasu mazan suka ɗauka haraji ne suka haura katanga. Wani ya ba da suna uku don kada a rasa. Wata mata ta ce sunan mijinta irin na limamin unguwarsu ne, ya je wurin liman, matar liman ta ce ai sunansa Malam. Duk da haka ran kwana na shida ya haɗa ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Saura Dijatu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a Ƙofar Atiku. Mijinta ya rasu tun zamanin Turawa a wani ƙauye, ba ɗa ba dangi, duk garin ba wanda ya san sunansa sai ita.

"Ɗana, mi kaka so in yi?" ta ce masa. "Shekara arba'in bakina bai hwaɗi sunan ga ba."

Filibus ya ce ba komai, ya naɗe takardarsa. Sai maƙwabciyarta ta gaya mata korarsa za a yi gobe, ga shi da 'ya'ya shida. Tsohuwa ta juya fuskarta ga bango, ta rufe kai da zane, ta ce a hankali, "Junaidu." Daga nan ta fashe da kuka, kukan da Filibus ya ce bai taɓa jin irinsa ba.

Da safe aka cike gurbin. Na'ura ta raba Malam gida ɗari huɗu da goma sha biyu, Manjo ya sa hannu bai ko karanta ba. Filibus ya tsira da aikinsa, muka taru muna yi masa barka, amma ya ƙi ɗaga kai. Ya ce da ni, "Da na sani na bari an kore ni."