Bishiyoyin Verlon a Ƙasan Tafki

Verlon Stallings mijin yayata ne, marigayiya Oleta, kuma tun ina saurayi nake cin abinci a gidansa ina yi masa tsiya irin ta ƙanin mata. Sana'arsa gyaran injin jirgin ruwa, a wata rumfa da ke bakin tafkinmu a arewacin Alabama. Amma in ka tambayi mutanen garinmu wane ne Verlon, ba wanda zai ambaci inji. Cewa za su yi, ai mutumin nan ne mai kwashe bishiyoyin Kirsimeti.

Da an shiga Janairu sai ya bi gida-gida da tsohuwar a-kori-kurarsa, yana ɗaukar busassun bishiyoyin da aka gama biki da su. Ya ɗaura musu bulo da waya, ya loda a jirgi, ya fita shi kaɗai cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ya nutsar da su a tsakiyar tafki. Kusan duk mai fatsa a wajenmu yana da irin wannan tari a ƙasan ruwa, sai dai na Verlon sun fi na kowa albarka. In Agusta ta zo, saman ruwa ya yi ɗumi kamar ruwan wanka, kifin bas yakan bar bakin gaɓa ya sauka can ƙasa inda ke da sanyi-sanyi, ya laɓe cikin rassan nan yana jiran ƙananan kifi. A wannan watan mu mukan dawo da ƙonanniyar ƙeya da jirgi wayam, shi kuwa ya dawo yana fito.

Inda ya nutsar da su kuwa, ko Oleta ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Lokacin na'urorin nan masu nuna ƙasan ruwa ba su yawaita ba, da ido ake gane wuri. Ka jera abu biyu na kan tudu su hau layi ɗaya, ka juya ka jera wasu biyu, inda layukan suka haɗu nan ne wurinka. Na roƙe shi, na yi masa daɗin baki, har na taɓa bin sa a baya ina fakewa da tsibiri. Ashe ya hango ni. Sai ya tsaya a kan wani fili na laka inda ko kwaɗo babu, ya yi ta jefa ƙugiya yana gyaɗa kai. Na daɗe ina zarya a wurin ina shan rana. Sai da na gaji don kaina, sannan ya tambaye ni a gaban jama'a bayan an tashi coci ko lakar ta yi daɗi.

Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, domin rowar tasa a nan kawai ta tsaya. Da masaƙar garinmu ta rufe na zauna ba aiki, ba a yin kwana biyu bai aje mini soyayyen kifi da burodin masara a bakin ƙofa ba, kuma bai taɓa tsayawa a gode masa ba. Da ciwo ya kwantar da Oleta, rufe rumfarsa ya yi ya zauna jinya, shi ne wanka, shi ne girki, har Allah ya karɓi abarsa. Wannan kaɗai ya isa in bi shi da godiya har in mutu.

Bayan rasuwarta ne idonsa ya fara tafiya. Tsakiyar ganinsa ta yi duhu, sai gefe-gefe yake ɗan tsinkaya. Ya yi mursisi, bai gaya wa kowa ba, har ranar da ya ɓata a tafkin da ya sani kamar ɗakinsa. Mai ya ƙare masa, rana ta gasa shi tun safe, sai da la'asar wasu maƙwabta suka janyo shi, leɓɓansa duk sun tsage. 'Yarsa Twila ta taho daga Huntsville hankali tashe. Ta ce zancen ya ƙare, za a sayar da jirgi, shi kuma ya koma gidanta da zama. Verlon ya ce in dai za a raba shi da tafkin nan, gara a wuce da shi maƙabarta kai tsaye, a huta da wahala biyu.

Ni na shiga tsakani, na ce zan riƙa tuƙa shi duk ranar da yake son fita. Twila ta ce ai ta san mahaifinta. Zai amsa yau, gobe ya sulale shi kaɗai don kada wani ya ga bishiyoyinsa. Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani, don bai musa ba.

"Baba, ga sharaɗina," in ji ta. "Gobe ka kai mu ɗaya daga cikin wuraren nan, ni da Kawu Doyle, ka faɗi alamominsa da bakinka mu ji. In ka iya wannan, na yarda za ka iya zama da shi a jirgi. In ba ka iya ba, ran Lahadi tare za mu tafi."

Da sassafe muka same shi zaune a jirgi da hularsa, ya bar mini kujerar tuƙi. Muka fita, iska ko kaɗan ba ta motsi, tun rana ba ta ɗaga ba riga ta manne mana a jiki. Sai da muka wuce gada sannan ya yi gyaran murya, ya fara magana kamar ana zare masa haƙori. Ya ce in ɗora tankin ruwan gari a kan ƙafar gada ta tsakiya. Na yi ta murɗa jirgi har suka hau layi. Ya ce yanzu in bi layin nan a hankali ina duban dama, sai hasumiyar cocin Baftis ta shige bayan dogon itacen da ke kan dutse.

Na duba dama. Ga hasumiya, ga dutse, itace kuwa babu. Guguwar bazara ta kayar da shi, har an yanke an kwashe, shi kuma bai sani ba. Na kalli Twila, ita ma ta gani, ta kawar da kai. Na yi tunanin in tsaya ko'ina in ce mun iso, amma Verlon ba mutumin da za a yi wa haka ba ne.

Na ce, "Yaya, itacen nan fa ba ya nan. Ya faɗi."

Verlon ya ɗora hannunsa a kan gwiwa. Tunda nake da shi ban taɓa ganin tsufa a fuskarsa kamar lokacin ba, kuma tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na faɗa. Can sai ya ce, "To, ashe ni da shi tare muka tafi. Kai kuma ga ido biyu kamar na mujiya, amma ba su tsinana komai. Tankin dai yana nan, ko shi ma ya faɗi?"

Na ce yana nan. Ya ce to in riƙe masa wannan layin kada in kuskura in kauce, sauran ya bar wa hannunsa. Ya ɗaura dalma mai nauyi a zare, da tanar roba a bayanta, ya jefa. Na kashe babban inji, muna tafiya da ƙaramin a hankali, shi kuma yana jan dalmar a ƙasa, yatsansa a kan zare, yana faɗa mana abin da take taɓawa. Ya ce laka ce. Muka matsa, ya ce har yanzu laka. Rana ta take, Twila tana ta miƙa masa shayi mai ƙanƙara yana turewa. Ni kuwa wuyana ya ƙage wajen kallon tanki. Har na fara fid da rai sai ya ce tsakuwa, wato bakin tsohon rafin da ruwa ya cinye. Jim kaɗan kan sandar fatsarsa ya ɗan girgiza, ya ce reshe ne, in tsaya.

Ya bar tanar ta kwanta cikin rassan. Kifin Agusta malalaci ne, ba ya bin abinci, sai an kai masa har baki, kuma cizonsa ɗan taɓi ne kawai. Verlon ya yi ta ɗaga sanda kaɗan-kaɗan yana saukewa, sannan ya fizga da ƙarfi, sandar ta lanƙwashe. Da kifin ya iso gefen jirgi sai ya laluba ya sa babban yatsa a bakinsa ya ɗago shi, ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya mayar da shi ruwa da sauri, don a zafin nan ba ya jure waje.

Ina tsammanin zai yi mana burga. Sai ya ce in dubi hasumiyar daga inda muke, in gaya masa abin da ke gabanta yanzu. Na ce kusurwar jan rufin gidan wani ɗan garinmu, Hulsey. Ya maimaita a hankali, tanki a kan ƙafar gada, hasumiya a bayan rufin Hulsey, ya sake maimaitawa, yana haddar tafkinsa daga bakina. Daga nan ya juya wajen 'yarsa.

"Wannan tarin, har da bishiyar Kirsimetinmu na ƙarshe da mahaifiyarki a ciki. Shi ya sa na fara kawo ku nan." Sannan ya ce da ni, "Saura da yawa, Doyle, kuma duk sai ka duba mini su. Amma in na ji labari a bakin wani, da bulo zan ɗaure ka."

Twila ta juya baya tana share ido da gefen riga. Ran Lahadi ita kaɗai ta koma Huntsville. Verlon ya ƙarasa sauran shekarunsa a gidansa na bakin ruwa, ni ke tuƙi shi ke zagina, kuma ban san wasu kwanaki a rayuwata da na fi gode wa Allah a kansu ba.