Wainar Farko da Tabilet ɗin Hajiya

A gidanmu na Nassarawa GRA ni ce mai rawar kai kan sabon kaya. Da na ji an ce wata na'ura ta fito, sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Yayana kuwa ba ya sayen fitowar farko ko da kyauta za a haɗa masa da caja. Yakan ce a bar masu gaggawa su gano wa kamfani kurakuransa tukuna, kuma da ni yake.

Bayan an yi wa mahaifiyarmu aikin ido, rubutun Alƙur'aninta na takarda ya yi mata ƙanana. Na ba ta tsohon tabilet ɗina, na ƙara girman haruffa har layi kaɗan ke cika sikirin. Sai wata matsalar ta ɓullo. Duk lokacin da ta ja rubutun sama da yatsa, haruffan sai su riƙa tsalle suna barin inuwa, jiri ya kwashe ta. Hajiya da ta saba sauke Alƙur'ani da kanta kowane azumi tun muna yara, sai ga ta tana sauraron karatun wasu a rediyo. Ba ta yi ƙorafi ba, amma na ga abin yana cin ta, ni ma ya ci ni.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi na shiga kasuwar waya, wani mai shago ya nuna min sabon samfuri da aka sauke a makon. Ya ce sikirin ɗinsa yana sabunta hoto da sauri ninkin na da. Ban gane lissafin ba sai da na ja rubutu da yatsa, na ga ya biyo ni sumul kamar ana jan mayafi a kan gado. Ban ko yi ciniki mai kyau ba na ɗauko.

Yaya ya juya shi a hannu ya ce, "Ke dai ba kya ji. Wannan ai ko zafin jirgi bai huce ba."

Hajiya ta karɓa, ta ja layi ɗaya, ta ja na biyu, ta jira jirin bai zo ba. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma yayanki ya yi gaskiya. Ni da na yi shekaru ina suyar waina, ban taɓa ba baƙo zubin farko ba. Tanda ba ta gama ɗaukar zafi ba, sai ta kama." Na yi dariya na ce wannan ba tanda ba ce.

Goman farko lafiya lau. Kullum bayan la'asar tana zaune a baranda ƙarƙashin inuwar darbejiya, muna jin muryarta daga kicin. A goma ta tsakiya sai wani siririn koren layi ya fito a gefen sikirin, bayan kwana biyu kuma hasken ya fara ƙyaftawa. Na koma wurin mai shago raina a ɓace. Ya ce ba ni kaɗai ba ce, kusan duk wanda ya sayi zubin farko ya dawo da wannan kukan. Za a canza, amma sai bayan Sallah. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya rage saurin sikirin ɗin, ƙyaftawar ta tsaya. Ta tsaya kuwa, jirin Hajiya ya dawo.



Hajiya ce ta samo dabara. Ta ce, "Zo ki zauna nan. Idan na kai ƙasan shafi zan rufe ido, ke ki ja, ki ce min in buɗe." Haka muka yi. Ta karanta, ta rufe ido, na ja, na ce, "Buɗe, Hajiya." Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, sai ga ni kullum a gefenta har a kusa kiran magariba, kafaɗata na gogar tata, ina jin ƙamshin turarenta. Rabon da in zauna da ita haka tun ina 'yar firamare. Ana gobe Sallah ta kai ƙarshe, ta shafa addu'a, ta shafa min a fuska.

Bayan Sallah aka ba mu zubi na biyu, kuma har yau bai taɓa ko tari ba. Na saita sikirin ɗin sabon a kan cikakken saurinsa, na nuna mata yanzu ba ta bukatar kowa. Ta gwada, ta ce lallai ya yi kyau.

Washegari da la'asar na zo wucewa ta baranda da mayafina, zan fita unguwa. Na ji karatun ya tsaya. Na waiwaya, sai na gan ta da tabilet a cinya, ta kai ƙasan shafi, idonta a rufe tana jira. Na ajiye jakata na zauna.